Dajin da Ba Shi da Suna: Muhallin Zariya a Rubutaccen Adabin Hausa

Gabatarwa

A rabin farko na ƙarni na 20 an kafa gidajen ilimi guda biyu a Zariya waɗanda har yau ƙasar Hausa take cin moriyarsu. Na farko shi ne tashar binciken aikin gona ta Samaru, wadda aka buɗe a 1922, daga baya ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Na biyu shi ne Hukumar Talifi, wadda a ƙarƙashin Dokta Rupert East ta shirya gasar ƙagaggun labarai a 1933, aikin da ya kai ga buga Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Gida ɗaya yana auna ruwan sama, yana tona ƙasa, yana bin diddigin ƙwarin da ke cin auduga. Ɗayan kuwa yana koya wa Bahaushe zuba labari a takarda da rubutun boko. Tafiyar 'yan kilomitoci ce tsakaninsu, amma wanda ya karanta akasarin zubenmu daga wancan lokaci zuwa yau zai zaci gidajen nan ba su taɓa jin labarin juna ba.

Abin da wannan maƙala take son tabbatarwa shi ne cewa zuben Hausa ya taso da gurbi a jikinsa: ya san mutum da halinsa, ya san fada da kasuwa da ɗakin aure, amma ƙasar da mutanen suke takawa ya bar ta babu suna. A cikinsa daji "daji" ne kawai, itace "wata bishiya", kogi "wani rafi". Wannan gurbi aibi ne na fasaha kafin ya zama aibi na kishin muhalli, domin marubucin da bai san sunan abu ba, ba zai iya sa shi aiki cikin labari ba, ba kuma zai lura da ranar da ya ɓace ba. Za a auna wannan magana da ƙasar Samaru da Sabon Gari, inda ake da ilimin ƙasar a rubuce, ake kuma horar da ɗaliban adabi shekara da shekaru.

Ƙasar da Ake Magana a Kanta

Samaru da Sabon Gari suna kan tudu mai tsayin kimanin mita 680 bisa teku, cikin yankin da masana tsirrai suke kira dajin Gini na arewa, wato tsakanin sararin ƙasar Kano da duhuwar kudu. Ruwan da ke sauka a shekara yana kaiwa kimanin milimita 1,000, kusan dukkansa tsakanin Mayu da Oktoba. Itacen da ya fi bayyana asalin wannan daji shi ne doka, wadda take fitar da jajayen sababbin ganye tun kafin ruwa ya sauka. Inda manomi ya share daji kuwa, bai share shi duka ba. Ya bar ɗorawa saboda kalwa da makuba, ya bar kaɗanya saboda mai, ya bar kuka da tsamiya saboda miya da kunu. Saboda haka gonar Zazzau ba fili ce da aka tsirar da itatuwa cikinta da ka ba, zaɓe ne na kakanni wanda ake iya karantawa kamar yadda ake karanta wasiyya.

Ruwan yankin yana da hanya guda sananniya. Kubanni yana tasowa daga wajajen Shika, ya ratsa harabar jami'a inda aka datse shi don samar da ruwan sha, ya gangara ya raba Sabon Gari da Tudun Wada, sannan ya faɗa Galma, shi kuma Galma ya kai kayansa kogin Kaduna. Duk abin da aka zubar a kwatar Samaru ko a bayan kasuwar Sabon Gari, wannan hanya zai bi, ya ratsa lambunan da ake noman latas da kabeji da albasa a fadamun bakin kogin, ya dawo kasuwa a cikin kwando.

Shekarar ma tana da tsari. Hunturu yana zuwa da iskar arewa maso gabas da ƙurar da take ɗebowa daga hamadar Chadi. Bazara tana zuwa da zafi da nunar ɗorawa. Hadarin farkon damina daga gabas yake haɗowa, shi ya sa can manomi yake duba. Shamuwa, wadda take cin raninta a kudancin Afirka, tana dawowa daf da saukar ruwa. Sai marka a watan Agusta, lokacin da katangar ƙasa take zubewa, rumbu kuma ya yi ƙasa, sai zafin agajeri da ke nunar da dawa, sai kaka. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan lokuta yana da irin abincinsa da cutarsa da bashinsa da rigimarsa. Wanda ya san su ya riga ya sami rabin ƙashin bayan labari.

Sabon Gari kuwa ɗan jirgin ƙasa ne. Ya taso ne bayan isowar layin dogo a wajajen 1911, aka kafa injin gurzar auduga da kantunan 'yan kasuwar Turai, baƙi daga kudu da sauran sassa suka zauna. Ko itatuwan titunansa baƙi ne: darbejiya daga Indiya take, ba ta shigo arewacin Nijeriya ba sai a ƙarshen shekarun 1920, itacen turare kuma daga Ostireliya. Yaron da ya tashi a Muciya ko Cikaji yau zai rantse darbejiya ce itacen gargajiyar Hausa, alhali ta yiwu bai taɓa ganin doka a tsaye ba.

Abin da Harshe Ya Riga Ya Sani

Ba za a ce Hausa ce ta gaza ba. Harshen cike yake da sanin ƙasa. Manomi ba ya cewa "ƙasa" ya yi shiru. Yana bambanta jigawa da fadama, jangargari da dabaro, fako da marmara. Yana bambanta ƙaura da farfara cikin dawa, gero da maiwa, gamba da kyasuwa da tofa cikin ciyayi, ya kuma san cewa inda tofa ta mamaye ko ƙuduji ya yi yawa, gona ta gaji. Unguwannin birnin Zariya irin su Rimin Doko da Rimin Tsiwa suna ɗauke da sunan itacen da ya yi wa garin alama. Matafiyin nan Hugh Clapperton, da ya ratsa Zariya a 1826, dogayen itatuwan nan na cikin abin da ya rubuta game da garin. Hatta masifa suna ake ba ta don kada a manta, kamar yadda aka kira yunwar 1913 zuwa 1914 Kakalaba.

Karin magana ma ajiyar wannan ilimi ce. Wanda ya fara cewa inuwar giginya na nesa ka sha, ya tsaya ƙarƙashin giginya da rana tsaka ya ga inda inuwarta take faɗawa. Wanda ya ce ungulu ba ta jewar banza ya daɗe yana kallon sama. Hikimar da ke cikin irin waɗannan maganganu daga lura ta fito, kuma ba ta da ƙarfi a kunnen wanda bai ga abin da aka lura da shi ba.

Abin mamaki shi ne baƙi sun gane darajar wannan taska tun da wuri. A 1916 wani likita, J. M. Dalziel, ya buga littafin sunayen tsirrai na Hausa, bayan ya tattara su daga bakin manoma da maharba da masu magani. A 1934, shekarar da littattafan gasar farko suka fara fitowa, ƙamusun Bargery ya fito ɗauke da jerin ire-iren dawa da ciyayi da tsuntsaye. A shekarun 1960 kuma, David Norman da abokan aikinsa na jami'a suka zauna da manoman Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi suna auna aikinsu. A lokacin ana yi wa manomin Hausa kallon wanda bai waye ba saboda yana cakuɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya. Binciken ya nuna cewa wannan cakuɗawa dabara ce: gero ya nuna da wuri ya kashe yunwar marka, dawa ta ci gaba da shan ruwan ƙarshe, wake ya rufe ƙasa, in ɗaya ya ƙi wani ya yi. Wannan sakamako ya taimaka wajen sauya yadda masana a ƙasashe da dama suke kallon ƙaramin manomi. Nan ne karin maganar giginya ta faɗa kanmu, domin na nesa sun sha inuwar ilimin Hanwa, marubucin da ke zaune a gindinta bai sha ba.

Littattafan Farko da Dajinsu

Ruwan Bagaja na Abubakar Imam labarin neman ruwa ne. Alhaji Imam ya bar Kwantagora ya shiga duniya don ya samo ruwan da zai warkar da ɗan sarki, ya kuma wanke wulaƙancin da aka yi wa limamin da ya riƙe shi. Garuruwa suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, amma kowanne dandali ne kawai na karawarsa da Malam Zurƙe. Da za a musanya sunayensu da juna, babu abin da zai rushe cikin labarin. Ruwan da ke da daraja yana can ƙarshen duniya a hannun aljannu. Ruwan da jarumin ya sha a hanya ba shi da labari. Wannan ba ya rage wa littafin daɗi, domin barkwanci da zalaƙar harshe ya sa gaba, ya kuma cim musu. Sai dai ya kafa wata al'ada: abin mamaki yana nesa, abin da ke kusa bai isa a duba ba.

Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East ya fi kusa da gida. Garin da labarin ya faru sunansa Galma, sunan kogin da ke gabashin Zariya, kuma rikicinsa na mutane ne na gaske: kuɗin Malam Shehu sun raba Abubakar da Zainabu. Amma da Abubakar ya fita neman ɗaukar fansa, dajin da ya shiga wurin tsoro ne da asiri da wahala, inda mutum yake zuwa ya sayo sharri da lafiyar jikinsa. Aikin dajin shi ne ya nuna yadda zuciyar Abubakar ta lalace. Wannan dabara ce mai kyau, amma dajin zuciya ne, ba wanda mata suke shiga tsintar ƙwaran kaɗanya ba.

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ne ya fi sauran ba ƙasa haƙƙinta. Wurarensa na gaske ne, har da Fatika da Maƙarfi na ƙasar Zazzau, kuma nisan da ke tsakaninsu yana da nauyi cikin labarin, domin nisan ne yake raba uwa da ɗanta. A hamada kuwa guguwar rairayi ce take hallaka ayari, ta sauya makomar Umar. A nan ƙasa ta tashi daga matsayin shimfiɗa ta zama mai aikatawa. Ba daidaituwa ba ce cewa wannan littafi shi ne wanda masu nazari suka fi yaba wa da kama da gaskiya. Inda marubuci ya san hanya da nisanta da haɗarinta, baƙin cikin mutanensa yakan yi nauyi.

Magana Jari Ce, wanda Imam ya zo Zariya ya rubuta a 1936, cike yake da dabbobi da tsuntsaye, amma kusan dukkansu mutane ne sanye da fata ko gashi. Suna magana, suna shari'a, suna yaudara, kamar yadda suke yi a tatsuniya da littattafan Gabas da na Turai da aka ɗebo wasu labaran daga cikinsu. Shi kansa gwanin labarin, aku, ba tsuntsun dajin Zazzau ba ne. Ɗan kurmi ne, kuma a cikin littafin ma saye aka yi daga hannun baƙo. Tsiriya da ke cin dawa a gonakin Basawa ba ta sami wannan matsayi ba.

Kada a ɗauka Imam da East ba su damu da halitta ba. Su biyun ne suka rubuta Ikon Allah, littafin da ya bayyana halittu iri-iri da rayuwarsu cikin Hausa mai daɗi, wanda ɗalibai da yawa suka fara sanin kimiyya ta hanyarsa. To, a nan ne matsalar take. An raba aiki gida biyu: sanin tsiro da ƙwaro ya tafi littafin makaranta, labari kuma ya tafi da mutane da aljannu. Alƙalami ɗaya ne ya rubuta duka biyun, amma bai bar su sun haɗu a shafi ɗaya ba. Marubutan da suka biyo baya sun gaji wannan rabo ba tare da sun tambayi dalilinsa ba.

Waƙa da Zuben Baya

Rubutacciyar waƙa ta ɗan fi zube sa'a. Waƙar Damina ta Na'ibi Sulaiman Wali ta nuna cewa saukar ruwa da farfaɗowar ƙasa bayan ƙuncin rani sun isa su ɗauki waƙa tun daga farko har ƙarshe, har masanin nan D. W. Arnott ya yi nazari a kanta a 1968. Ƙarfinta yana cikin bin abubuwa daki-daki yadda suke faruwa, ta yadda mai sauraro zai gaskata domin ya taɓa gani. Da aka sami mai lura, harshen bai gaza ba. Abin tambaya shi ne me ya sa irin wannan waƙa ta zama abar nuni da yatsa saboda ƙarancin 'yan'uwanta.

A zube kuwa, ko littattafan da suka ɗauki sunansu daga tsirrai ba su cika shiga gona ba. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo yana gargaɗi ne ga matasan da ke barin ƙauye su tafi birni, kuma sunansa ya dogara ga sanin cewa farin rogo ba maiƙo ba ne. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya yi nasara a gasar 1982, ya ari sunan itacen da ake sassaƙa turmi da shi don ya yi magana a kan fasa-ƙwauri da cin hanci. Duka biyun sun ci bashin ilimin daji a bangonsu, amma idonsu yana kan birni da ɓarnarsa. A irin wannan rubutu ƙauye yakan zama wurin da ake cewa a koma, ba tare da an nuna mene ne a can ba: wace irin ƙasa, wane iri, ruwan wace rijiya.

Adabin kasuwar Kano, daga tsakiyar shekarun 1980, da magajinsa na intanet, sun buɗe ƙofar da ba a taɓa buɗewa ba, wato cikin gida da zuciyar mace, kuma wannan ba ƙaramar nasara ba ce. Amma a mafi yawansu ƙasa ta ƙara nisa. Masoya sukan haɗu a "wani lambu mai furanni masu ƙamshi" wanda babu mai iya faɗin sunan fure ɗaya a cikinsa. Ruwan sama yakan sauka ne idan ana son jaruma ta yi kuka. Labari yakan ci shekara uku babu hunturu babu bazara, kamar mutanensa a cikin kwalba suke zaune.

Amsa ga Masu Musu

Mai musu zai ce tatsuniya ma da "wani gari" take farawa, kuma ba ta rasa komai ba. Gaskiya ne, amma mai tatsuniya da masu sauraronta a tsakar gida ɗaya suke, ƙarƙashin itace ɗaya; in ta ce kuka, kowa ya san kuka. Ba ta bukatar siffantawa domin duniyar tana kewaye da su. Littafi kuwa yana zuwa hannun wanda bai taɓa ganin wurin ba, yana kuma wanzuwa bayan wurin ya sauya. Nauyin da ke kansa daban ne.

Wani zai ce adabinmu na gyaran hali ne, ba na kallon tsuntsaye ba. Amsa ita ce lura da halitta ba baƙuwa ba ce a tarbiyyarmu. Akwai surorin Alƙur'ani da aka sa wa sunan ƙudan zuma da tururuwa da gizo-gizo da ɓaure. Bayan haka, wa'azin da ya san ƙasa ya fi kama zuciya. Ƙuduji yana manne wa saiwar dawa a ƙarƙashin ƙasa, yana tsotse ta makonni kafin ya ɓullo, ta yadda ranar da manomi ya ga kyakkyawan furensa, ɓarna ta riga ta auku. Irinsa kuma yana iya kwana shekaru a ƙasa yana jiran a sake shuka. Marubucin da ya san wannan ya sami siffar munafuki wadda ta fi shafi goma na nasiha.

Na uku zai ce marubucin yau ɗan birni ne, bai san gona ba, kuma ba a tilasta wa mutum rubuta abin da bai sani ba. To ai birni ma muhalli ne. Matar aure a Sabon Gari da ba ta fita ko ƙofar gida tana da alaƙa da daji ta hanyar buhun gawayin da take saye, wanda wata ƙirya ce ko marke aka sare a wani wuri. Tana da alaƙa da ƙarƙashin ƙasa ta hanyar jarkar ɗan garuwa, da fadamar Kubanni ta hanyar ganyen da take yankawa, da kwatar unguwa ta hanyar zazzaɓin da ke kama 'ya'yanta kowace damina. A 2016, da tsutsar nan da manoma suke kira sharon ta cinye gonakin tumatir har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin, babu tukunyar da abin bai taɓa ba. Wanda ya ce yana rubuta rayuwar cikin gida amma ya bar waɗannan, rabin gidan ya rubuta.

Misali daga maƙwabta yana da amfani. Cyprian Ekwensi, wanda aka haifa a Minna, ya yi karatun aikin gandun daji kafin ya shahara a rubutu. Littafinsa Burning Grass na 1962, kan Fulani makiyaya, an gina shi ne a kan lokacin ƙunar daji da tashin garke neman ciyawa. Tafiyar labarin da tafiyar shekara abu ɗaya ne. Abin da ya ba shi wannan ba baiwa ce daga sama kaɗai ba. Ya taka dajin da ƙafarsa. Haka nan mawaƙan yankin Neja Dalta suka mayar da lalacewar ruwansu babban jigo a adabin Nijeriya, domin sun san sunayen kifayen da suka ɓace.

Abin da Ake Asara

Ƙasar da aka siffanta a farkon wannan maƙala tana sauyawa da sauri. Hanwa, ƙauyen da aka yi nazarin gonakinsa a shekarun 1960, yanzu unguwa ce da gine-gine suka haɗe ta da gari. Masana labarin ƙasa na jami'a sun daɗe suna nuna yadda laka da yashi suke cike madatsar Kubanni saboda noma da gini da zaizayar ƙasa a bakin rafukan da ke shayar da ita. Rimayen birni suna faɗuwa, ba a dasa madadinsu. Ungulu, wadda dattawa suka sani cike da mahauta da bayan kasuwa, ta yi wuyar gani. A 2015 hukumar duniya mai lura da halittu ta sa irin wadda muka saba da ita cikin jerin masu daf da ƙarewa, kuma farautarta don haɗa magani na cikin dalilan.

Asarar ta adabi ita ce wannan: ranar da ungulu ta ƙare, karin maganarta za ta zama magana marar gani, malami yana fassara ta a aji kamar yadda ake fassara baƙon harshe. Kalmomi irin su makuba da dabaro da agajeri za su koma ƙamus su kwanta. Harshen da aka san shi da kaifin siffantawa zai koma na "abu" da "wani iri". Akwai kuma asarar shaida. Rahoton masani yana iya faɗin yawan lakar da ta taru a madatsa, amma ba zai faɗi abin da tsohon manomin Hanwa ya ji ba ranar da ya sayar da gonar da mahaifinsa ya bar masa da ɗorawa uku a ciki, ya dawo bayan shekara ya tarar an sare su an kafa tubali. Wannan aikin mai labari ne, kuma in bai yi ba babu mai yi.

Saboda haka ya kamata masu nazari da alƙalan gasa su ƙara wasu tambayoyi a kan waɗanda suka saba yi game da jigo da salo da zubi. A wane lokaci na shekara labarin yake faruwa, kuma me lokacin ya tilasta wa mutanen ciki? Daga ina ruwansu da makamashinsu suke zuwa? In aka ɗauke labarin daga Samaru aka kai shi Legas ko Dubai, akwai abin da zai karye? In babu, to marubucin bai tsaya a ko'ina ba. Ba ana nufin a cika shafi da jerin sunayen itatuwa ba. Wannan ma wata gazawa ce, domin sunan da ba ya aiki cikin labari kaya ne kawai. Abin nema shi ne ƙasa ta shiga cikin dalilin abin da ke faruwa, kamar yadda guguwa ta shiga makomar Umar.

Kammalawa

An ga cewa Hausa tana da wadataccen ilimin ƙasarta a bakin manomi da cikin karin magana da sunayen unguwanni, kuma an rubuta mai yawa daga cikinsa a Zariya. An ga kuma cewa zuben da aka haifa a garin ya bar wannan ilimi a littafin makaranta, ya ɗauki daji a matsayin wurin tsoro ko wurin wucewa, in ban da wurare kaɗan irin su Shaihu Umar da Waƙar Damina, waɗanda suka nuna ribar da ke cikin lura. Gyaran bai fi ƙarfin ɗalibin adabi na Samaru ba. Cibiyar binciken gona tana kusa da ajinsa, masu sayar da itace da ganye da saiwoyi suna kasuwar Sabon Gari, tsofaffin manoman Bomo da Basawa suna nan da ransu, Kubanni kuma yana bin bayan ɗakin kwanansa. Hausawa sun ce ruwan da ya dake ka shi ne ruwa. Marubucin da ya bi wannan kogi da ƙafa daga madatsar jami'a zuwa inda ya haɗu da Galma, yana tambayar sunan duk abin da ya gani da wanda ya ɓace, zai dawo da labarin da babu wanda zai iya rubuta shi daga wani gari.